Katifar Iskar Malam Mamuda

"Riƙe kafaɗar, Muttaka! Kar ka saki!"

Na riƙe. Inna Lauratu ta tura ƙugun, muka mirgina Malam Mamuda zuwa ɓarin dama. Zanen gadon ya biyo bayansa, ya manne da ciwon. Ƙarar da ya ƙwalla sai da kajin tsakar gida suka watse.

"Sannu Malam, sannu. An gama," in ji ta, alhali ba a gama ba. Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi tana ɓamɓare zanen a hankali.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Faskari. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bayan girbi, ni nake rufe shagona na cajin waya in shigo mu juya shi, domin Inna ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai, 'yarsu tilo kuma, Najiba, tana aure a Ƙanƙara. Da farko jan tabo ne kawai a ƙasan bayansa. Yanzu ya zama rami, har da ƙanana biyu a ƙugu. Ko ta ina aka kwantar da shi, kan ciwo ne. Ba ya barci. Mu ma da ke bayan katanga ba ma yi.

Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa wanke ciwon ita ta kawo maganar. Ta nuna mana hoto a wayarta: wata katifa mai ƙulli-ƙulli, da ɗan inji da ake rataya a ƙafar gado.

"Iska yake hura mata," ta ce. "Nan ya kumbura, can ya saki, sai su yi musanya. Jiki ba ya daɗewa a danne wuri guda. Akwai abin murɗawa, a ƙara tauri ko a rage. Ana samu a Funtuwa. Amma ban ce za ta warkar da shi ba, Inna, kar ki riƙe ni."

Abin da za a sayar a gidan ɗaya ne: injin markaɗen Inna da ke cikin rumfa bakin zaure. Da shi ake ci, da shi ake sayen magani.

Ranar da Baba Yahuza, ƙanin Malam, ya iso daga Sabuwa, ko ƙurar hanya bai kakkaɓe ba ya ji labari. Ya zauna kan turmi ya tafa hannu.

"Matar Yaya, tsufa ya fara taɓa maki kai ne? Ki sai da inji ki sayo balan-balan?"

"Kai dai da bakinka. Tun kana yaro haka kake."

"Ba wasa nike ba yanzu. Kin dubi idonshi? Ni na duba. Mutumin nan ya kama hanya. In Allah ya yi ikonshi gobe, mi za ki ci? Iskar?"

"Allah na nan."

"Yana nan, shi ya ba ki injin ai! Gonarmu ta daji ba ta shiguwa, kin sani. Bara ko buhu biyar ban ɗauko ba saboda ɓarayin dajin nan. Ba ni da abin riƙe ki. Katifa ba ta hana ajali, Lauratu."

"Ni na ce maka ajali nike son hanawa? Kukan nike son hanawa."

Sai ta juyo kaina.

"Muttaka, kai ka san kayan zamani. Tsakaninka da Allah, ta cancanci a saye ta?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na riga na kalli bidiyonta a waya har idona ya yi zafi. Wasu na yabo, wasu na cewa wata guda ta yi ta sace. Na faɗa mata duka. Na ce tana son wuta dare da rana, mu kuwa rabonmu da wutar gwamnati har mun manta. Na ce ƙaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Na ce ciwon ya riga ya yi nisa.

"Kin ji ko?" in ji Baba Yahuza.

"Wutar dai ba matsala ba ce," na tsinci bakina yana faɗa. "Sai in ciro batir ɗaya na solar shago."

Baba Yahuza ya harare ni. "To ga mahaukaci na biyu."

Daga cikin ɗaki muka ji wani gurnani. Muka ruga. Malam Mamuda yana motsa ɓarin bakinsa mai rai, yawu na bin gemunsa. Ƙaninsa ya durƙusa ya kai kunne.

"Yaya, mi kake so? Ruwa?"

"Bar…"

"A bari? Kun ji, ya ce a bari."

Malam ya runtse ido, ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa.

"Barci."

Baba Yahuza ya miƙe, ya fita, ya tsaya gaban injin ya daɗe. Da kansa ya nemo mai saye a kasuwa, da kansa ya kama aka ɗora shi a baro. Inna ba ta leƙo ba.

Washegari da sassafe na hau motar Funtuwa. Direba ya ce duk wanda bai dawo tasha kafin la'asar ba ya nemi wurin kwana, shi ba ya bin hanyar nan da yamma. Mai shagon kayan asibiti ya buɗe kwali yana zuba: 'yar waje ce, manyan mutane ke saye, har lafiyayyu suna so. Na ce ya haɗa ta a gabana. Ta ɗauki lokaci kafin ta cika, ina tsaye ina kallon rana ta ƙofa.

"Ban da allura, ban da reza, ban da wuta," ya ce yana naɗe ta. "In ta huje ba ruwana."

Na maimaita wa Inna wannan kalma da kalma. Ta cire har fil ɗin da ke ɗankwalinta ta kai ɗakin girki.

Muka shimfiɗa ta kan tsohuwar katifar gadon ƙarfen, tiyo biyu suka zagaya ta ƙarƙashin gado zuwa injin. Na jona. Ya fara wani ɗan gunji kamar mage na barci. Mu uku muka ɗaga Malam muka ɗora. Ya yi ƙara, ya yi nishi. Na murɗa abin na rage tauri. Na ƙara ragewa. Can sai na ga yatsun hannunsa mai lafiya, da kullum suke damƙe da ƙarfen gado, sun saki ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a kira magariba Malam Mamuda yana minshari.

Inna ta toshe baki da mayafi, dariya da kuka suna fita tare. Ta daki kafaɗar ƙanin mijinta.

"Balan-balan ko? Maimaita in ji!"

"Yi a hankali kar ki tashe shi, uwar rigima," ya ce, shi ma yana share ido.

Kwana biyu unguwa ta yi tsit. Ya sha kunu. Har ya gane ni, ya kira sunana rabi.

Ranar Juma'a Najiba ta iso daga Ƙanƙara da hantsi. Inna ta shiga maƙwabta karɓo garin kunu, Baba Yahuza yana wanka, ni ina shago. Najiba ta shiga ɗakin mahaifinta, warin ciwon ya dake ta. Ta san ana saukowa daga masallaci dattawan unguwa za su shigo dubiya. Ta yi abin da kowace 'yar kirki za ta yi, abin da ta taso tana ganin uwarta na yi: ta ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wutar da ta zo da shi, ta tura ƙarƙashin gado don ƙamshi ya kama shimfiɗa.

Ihun Inna ne ya fito da ni.

Ɗakin ya cika da ƙamshi da ƙaurin roba. Tiyo ɗaya ya narke ya rabu biyu, ɗayan ya ƙone ya shafe. Injin na ta gunji yana hura iska a banza. Katifar ta lafe kamar fatar da aka shanya, Malam ya nutse a ramin tsohuwar katifa, daidai kan ciwon, yana wani kuka siriri da ban taɓa ji ba.

"Ban sani ba! Wallahi Inna ban sani ba!" Najiba ta ɗora hannu a ka.

"Wa ya ce ki taɓa? Wa ya aike ki?" Inna ta fizgo kaskon da hannu tsirara ta yi jifa da shi tsakar gida. Sai kuma ta rungume 'yar. "Yi shiru. Ni ma da shi zan sa. Muttaka, don girman Allah!"

Na zare tiyon duka biyu na fita da gudu. Mai facin bakin tasha ya riga ya rufe, ya ɗauki dardumarsa. Na tare shi a hanya.

"An kusa tada salla, Muttaka!"

"Malam Mamuda ne."

Ya dubi tiyon, ya dubi fuskata, ya juya. Ya yanke inda ya ƙone, ya laluba cikin tarkacensa ya zaro tiyon man babur, ya zura a tsakani, ya ɗaure da robar tayar keke tam. Haka ya yi wa ɗayan, ya hura da baki ya kai kunne.

"Tahi. In ta saki ka dawo."

Ina shiga na ga Baba Yahuza zaune a kan gado, ya tallafo yayansa a ƙirji don bayan ya bar shimfiɗa. Bai je masallaci ba shi ma. Na yi maza na jona tiyon. Ƙulli na farko ya fara tashi. Na biyu.

"Yi sauri mana," Inna ke ce wa katifar. "Yi sauri, 'yar albarka."

Ba ta san sauri ba. Numfashin Malam ya canja, yana ja da nisa, yana tsayawa, yana dawowa. Baba Yahuza ya dube ni ta saman kansa, na gane.

Da ta cika muka kwantar da shi a ɓarin dama, fuska ga alƙibla. Na murɗa zuwa inda yake so. Goshinsa da ya tattare ya warware. Kukan ya tsaya. Ƙaninsa ya sunkuya yana faɗa masa kalmar shahada a kunne, a hankali, yana maimaitawa. Leɓen Malam ya motsa. Inna tana riƙe da yatsunsa, kuma ba su damƙe komai ba.

Lokacin da muka ji sallamar dattawa a zaure, sun zo dubiya, ya riga ya cika.

Bayan la'asar aka kai shi. Da muka dawo daga maƙabarta, Baba Yahuza ya tsaya a rumfar bakin zaure, inda baƙin mai ya zana wurin zaman injin markaɗen a ƙasa. Ya sa ƙafa yana goga tabon, bai gogu ba.

"In an share makoki zan tahi da Lauratu Sabuwa," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Abin da muka ci ta ci."

Mata sun cika tsakar gida. Na yi sallama na ratsa don in ɗauke batir, masu waya sun dame ni tun jiya. Ɗakin babu kowa sai Inna, zaune a ƙasa, ta jingina da ƙafar gado. Ba wanda ya tuna ya kashe injin. An yaye zanen, katifar tana nan tsirara, wannan layi ya tashi, wancan ya sauka.

Na kai hannu ga wayar batirin.

"Bar ta tukuna, Muttaka."

Na janye hannuna. Tafinta, wanda kasko ya ƙona, yana kan katifar daidai inda kafaɗarsa take zama. Iska ta ɗaga shi a hankali, ta sauke.