Abin da Likita Take Gani a Baki

Shagon mai faci yana bakin babban titi, gidansa kuma yana bayan shagon, ƙofa ɗaya ce ta haɗa su. Wanda ya fito daga tsakar gida sai ya ratsa tsakanin injin iska da bahon ruwan da ake neman hujin taya a ciki, daga nan ba abin da ya rage sai kwalta. Manyan motoci ba sa rage gudu a wurin.

'Yarsa ta fari tana da shekara huɗu. Walƙiya ake ce mata, domin kafin a juya ta ɓace. Tun da uwarta ta haifi ƙanenta, kula da ita ya koma hannun Kaka, mahaifiyar mai facin, wadda gwiwoyinta suka daɗe da daina gudu.

A unguwar akwai ƙaramin asibiti, da wata likita da ta daɗe a cikinsa. Ita ta fara ɗora Walƙiya a kan ma'auni tana jaririya, a gabanta aka yi wa yarinyar rigakafinta duka, kuma kowane zuwa sai ta ce a buɗe baki ta duba haƙora. Kullum da safe takan wuce a ƙafa ta ɗaya gefen titin, farar rigarta a naɗe a hannu. Da can Walƙiya takan ɗaga mata hannu daga ƙofar shago.

Wata safiya yarinyar ta kai har bakin kwalta kafin uban ya cafko ta. Kaka ta zaunar da ita, ta nuna tsallaken titi.

"Ƙawata, kin ga waccan? Duk yaron da ya taka titi, a bakinsa take gani. Me ya sa kike zato kullum take cewa ki buɗe baki? In ta gani kuwa, allura ce, tsawon hannun nan nawa."

Mai faci yana goga roba ya ji. Mutum ne mai yawan juya magana a ransa yayin da hannunsa ke aiki. Ya auna ƙaryar tsohuwa da tayar tirela, ya ga ba su zo kusa da juna ba wajen nauyi. Maganar kuma ta yi aiki. Daga ranar Walƙiya ba ta ƙara tsallake bahon ruwan ba, aƙalla a gaban idon kowa. Ta daina ɗaga wa likitar hannu. In ta hango farar rigar sai ta shige bayan tarin tayoyi, direbobi su yi ta dariya, su ba ta alewa.

Bayan wasu watanni uwar ta lura yarinyar tana tauna da gefe ɗaya. Ta daina shan ruwan sanyi, alewar ma ajiye ta take yi a aljihu. Aka tambaye ta, ta ce ba komai. Ranar da kuncinta ya kumbura, uwar ta ce ta buɗe baki, yarinyar ta datse leɓe ta girgiza kai.

"Ba ya ciwo," in ji ta ta tsakanin haƙora.

"To me ya kumbura miki fuska, ko ƙwai kika ɓoye?" in ji Kaka. Yarinyar ba ta yi dariya ba.

Iyayen suka kai ta asibiti da hantsi. A bakin ƙofa ta ƙanƙame wuyan uban har ya ji faratanta. Likitar ba ta matso kusa ba. Ta fara da jaririn, ta auna shi, ta tambayi uwar yadda yake shan nono, tana satar kallon kuncin Walƙiya. Ta miƙa wa uwar ma'aunin zafin jiki ta ce ita ta sa mata.

"Yarinyar da ta taɓa cije mini yatsa tana dariya," in ji likitar. "Me ya shiga tsakaninmu, Walƙiya?"

Uwar ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi ƙasa. A ƙarshe uwar ce ta faɗa, a taƙaice.

Likitar ta ce, "Ashe shi ya sa aka daina gaishe ni a hanya. Na ɗauka girma ne ya zo." Ta rubuta magani. "Wannan zai sauke kumburin. Ba irin wanda ya fesa mata ƙuraje bara ba ne, kada ku damu. Amma magani ba ya gyara haƙori. Likitan haƙori yana zuwa jibi, ɗakin nan na kusa. Dole ta buɗe baki."

"Ba sai mu riƙe ta ba?" in ji uban.

"Kai ka fi ni sanin yadda take shiɗewa in ta yi kuka mai tsanani. In zazzaɓi ya tashi ko kumburin ya ƙaru, ku kawo ta nan take, za mu riƙe ta ko tana so ko ba ta so. In bai kai haka ba, na fi son ta buɗe da kanta. Haƙoran girmanta suna tafe, ga shekaru a gabanmu ni da ita. Ku zo mini da Kaka gobe."

"Likita, ki ce mata kawai ba allura."

"Akwai allura. Sai an kashe zafin wurin kafin a taɓa shi. Ba zan ce mata babu ba."

Da uban ya koma shago ya tarar da wani direba yana jiran a duba masa taya. Direban ya ji labari ya ce abin ba wuya. Akwai wani asibiti can ƙarshen gari, ba su san ta ba, ba ta san su ba, mutum biyu su danne, a cire, a gama kafin azahar. Mai faci ya tsoma tayar a ruwa yana kallon kumfa. Shawarar tana da daɗin ji. Ba za a taɓa maganar Kaka ba, titi zai ci gaba da zama abin tsoro, kuma ba wanda zai ce wa mahaifiyarsa ta janye magana a gaban jikarta. Sai dai a can ba wanda ya san maganin ƙurajen, ba wanda ya san shiɗewar. Zai iya gaya musu. Ko za su saurara kamar wadda ta gani da idonta, wannan ne bai sani ba.

Da la'asar ya sami Kaka a tsakar gida tana shafa mai a gwiwa.

"Inna, likita tana son ganinki."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Kan maganar nan ce ta titi."

Ta ɗago. "Wato in je in tsaya gaban 'yar da na wanke wa kashi in ce mata ƙarya na yi? Kai da na raina, da me kake zato na hana ka faɗawa rijiya? Da wa'azi?"

"Ban ce kin yi laifi ba. Ina nan kika faɗa, ban hana ba."

"To in na janye, wa zai tare ta? Ni da ƙafafun nan, ko kai da kanka ke cikin taya tun safe?"

Ya ce dai haƙorin yana ruɓewa. Ta ci gaba da shafa manta. Washegari ya same ta ta riga kowa shiryawa, tana zaune tana mita kan nisan asibitin.

Likitar ta ba tsohuwar kujerarta, ita ta zauna kan benci. Walƙiya tana kan cinyar uban, hannu biyu a kan baki.

"Inna, ki taimake ni," in ji likitar. "An ce ina ganin titi a bakin yara. Ni kuwa na yi ta dubawa, ban taɓa gani ba. Buɗe naki in gwada."

"Me ya rage a ciki da za ki gani, 'yata? Kango ne."

"Buɗe dai."

Kaka ta buɗe. Likitar ta haska da ƙaramar tocila, ta daɗe tana dubawa.

"Yau da safe kin tsallaka titi?"

"Da fiffike na zo?"

"To ban gani ba. Haƙora na gani, 'yan kaɗan, suna kewar 'yan uwansu."

Uwar ta yi dariya ta rufe baki. Kaka ta gyara zama, ta dubi bango, ba ta dubi jikarta ba.

"Ƙawata," ta ce, "ba ta ganin komai. Ni na faɗa don kada mota ta taka ki. Allurarta ma ba ta kai ɗan yatsana ba."

Yarinyar ta dubi kakarta, ta dubi likitar. Ta sauke hannu ɗaya.

"Ko an fita sau ɗaya?"

"Ko sau nawa ne," in ji likitar. "Ba ya fitowa a baki."

"Takalmina ne ya faɗa. Na ɗauko na dawo. Sai haƙorin ya fara ciwo."

Mai faci ya ji nauyin yarinyar a cinyarsa kamar an ƙara mata. Bai san ranar ba. Yana iya yiwuwa yana tsugune a wurin, ya ba ta baya. Duk watannin nan da yake zaton maganar ta tsare ta daga titi, abin da ta tsare shi ne bakinta.

"Ba titi ne ya sa shi ciwo ba," in ji likitar. "Alewa ce, da kwanciya ba a wanke baki ba. Wannan kuwa ni da Babanki za mu yi maganarsa." Ta matso kaɗan. "Gobe akwai allura ƙarama. Za ki ji ta kamar cizon sauro mai fushi, daga nan wurin ya yi barci. Ba horo ba ne. Ina nan tsaye kusa da ke. Yanzu zan iya gani?"

Walƙiya ta buɗe kaɗan, ta rufe, ta sake buɗewa.

Haƙorin bai tsira ba. Likitan haƙori ya ce da an zo da wuri da cikewa kawai za a yi. Ya cire shi, ya cike na kusa da shi. Yarinyar ta yi kuka lokacin allurar, kukan yara na kullum, ba ta shiɗe ba. Hannunta ɗaya yana cikin na likitar, ɗayan yana riƙe da gefen zanen Kaka. Kafin su fita likitar ta sa aka tsayar musu ranar dawowa su duka, har da jaririn, ta ce wa uban ya gaya wa direbobinsa su ci alewarsu, ta kuma nuna wa Kaka yadda ake goge haƙoran yaro da buroshi, tunda ita ce ke kwantar da ita.

"Ni da ban tsare nawa ba?" in ji Kaka.

"Shi ya sa. Kin san inda ɓarawon yake shiga."

A hanyar gida, da suka iso gaban shagon, Walƙiya ta tsaya tana kallon kwalta. Auduga na bakinta, maganar ta fito a dagule.

"Baba, to wa zai gane in na fita?"

"Ba kowa. Sai in kin faɗa."

Ya ɗauko wani gwangwanin madara da yake zuba ƙananan kusoshi, ya juye su, ya jira titi ya yi sarari, ya ajiye shi inda tayoyi ke bi. Ya dawo ya riƙe hannunta. Motar farko ta kauce masa. Ta biyu tirela ce. Da ta wuce ya je ya ɗauko abin, ya zama faifai, da ɗumi a jikinsa, ya sa mata a hannu. Ta juya shi gaba da baya.

Ya sani wannan ma tsoratarwa ce. Bambancin da ya iya samu shi ne, in ta girma ta bincika za ta tarar haka abin yake. Ko wannan ya isa, bai yanke ba. Ya jawo dogon bencin da direbobi ke zama ya gicciya shi a ƙofar da ta haɗa gida da shago. Direbobin suka koma zama kan tayoyi suna gunaguni, shi kuma duk shigarsa gida sai ya ɗaga ƙafa ya tsallaka.

Da safe likitar ta wuce ta ɗaya gefen titin, farar rigarta a hannu. Walƙiya ta hau kan bencin ta durƙusa, ta wangale baki tana nuna giɓin da yatsa. Tirela ta shiga tsakaninsu, da ta wuce likitar ta ɗaga hannu ta ci gaba da tafiya.

"Rufe bakin nan, ƙawata," in ji Kaka daga ciki. "Ƙuda zai shiga."