Waƙar da Tsinke Ya Yi wa Auta

Wajen ƙarfe goma na safe ne, rana ta fara zafi amma iska na ɗan kaɗawa. Mai aski yana shagonsa da ke jikin gidansu, ya gama yi wa wani tsoho gyaran fuska yana kakkaɓe masa wuya, sai ga mahaifiyarsa ta ɗaga labule ta shigo, mayafi a karkace, waya a hannu. Umma ba ta shiga shagon nan sai da dalili.

"Sallami baƙonka, ina da magana."

Tsohon ya dubi fuskarta, ko madubi bai tsaya kallo ba ya fice.

Ga abin da ya faru. Ƙanin mai aski, Auta, da Tsinke ɗan maƙwabciyarsu mai ɗinki, tare suka tashi, tare kuma suka faɗa waƙar hip-hop, irin wadda ake jero magana da sauri a kan kiɗa. Jiya Tsinke ya saki sabuwar waƙa, tun daga farko har ƙarshe Auta yake yi wa tsiya, wata 'yar unguwa kuma ta turo wa Umma. Ita kuwa Umma da mai ɗinki aminai ne tun kafin a haifi yaran. Kullum da hantsi tana can gefen keken ɗinki ana hira. Yau ba ta je ba.

"Na gama da matar nan," in ji Umma. "Ɗanta ya zagi ɗana duniya na ji, ita tana zaune tana taka keke. Amma kafin in je in wanke ta, kai da kake jin yarensu, warware min. Rabi na ji, rabi ya wuce ni."

Mai aski ya ajiye almakashi. Ya san halin Umma, in ta yanke hulɗa da mutum ba ta waiwaye. Ya kakkaɓe kujerar aski ya zaunar da ita, ya kunna waƙar. Kiɗa ya tashi, muryar Tsinke ta biyo baya:

"Sarƙar wuyanka ta sha ruwa ta koma kore,
Motocin da kake faɗa a mafarki suke jere."

Ya tsayar. "Umma, a irin waƙarsu kowa sai ya rataya sarƙa ya ce zinariya ce. To shi yana cewa ta Auta jabu ce."

"Ai jabun ce. Sau nawa na ce ya cire, har ƙuraje ta fito masa da su. Motocin fa, na wa?"

"Auta ne ya ce a tasa waƙar yana da motoci har ya rasa wurin ajiyewa."

"Autan nawa? Wanda takalminka yake sawa in zai fita?"

"Haka ake yi, Umma. Cika baki ne, kowa ya san ba gaskiya ba ne. Yadda aka jera maganar ake saurara."

Umma ta taɓe baki. "Ci gaba."

"Zakin unguwa, kyankyaso ya tashi ka haye gado,
Sai da Umma ta zo da tsintsiya sannan ka sauko."

"Ka ji ko! Har ni ya saka."

"Ai ke yabonki ya yi. Auta yana kiran kansa zaki, shi ne ya ce zakin ma ke kika cece shi."

Gefen bakin Umma ya motsa, ta yi maza ta tamke. Mai aski ya gani ta madubi, ya yi kamar bai gani ba.

"Kuma fa ba faɗa suke ba," ya ce a hankali. "Wannan ya jefa, wancan ya rama, mutane su zaɓi gwani. Kiɗan nan ma da kike ji Auta ne ya haɗa masa, a ɗakinmu."

"Shi ya yi kiɗan da aka zage shi da shi?"

"Shi fa."

Umma ta dubi almakashi da matajin da ke kan tebur. Can ta ce, "To ya rama?"

"Bai rama ba tukuna. Ya ce ya rasa abin faɗa."

Kujerar aski har ƙara ta yi da Umma ta juyo.

"Ya rasa abin faɗa? A kan Tsinke? Yaron da na goya a bayan nan? Kira min shi!"

Auta ya shigo yana murza ido, ya rakuɓe gefe yana jiran faɗa.

"Rago, buɗe kunnenka," in ji Umma. "Tsinke yana yaro kaza ta bi shi har cikin banɗaki, ya kulle kansa yana ihu. Wandonsa na farko da ragowar yadin mutane uwarsa ta haɗa shi, ƙafar dama ja, ta hagu shuɗiya. Ranar da aka fara kai shi aski kuwa ya tsere da rabin kai, haka ya yi ta yawo."

"Umma, a hankali, bari in ɗauka a waya!" Auta yana dariya har da riƙe ciki. "Kaza... banɗaki... Wallahi Yaya, ya mutu!"

Umma ta gyara mayafi ta fita, ta nufi gidan mai ɗinki. Mai aski ya bar shago a buɗe ya bi ta, don har yanzu hankalinsa bai gama kwanciya ba.

Suka tarar da mai ɗinki a kan keke, tabarau a ƙarshen hanci, tana ta fama da zare ya ƙi shiga allura.

"Ki gaya wa ɗanki ya shirya," in ji Umma daga bakin ƙofa. "Ramuwa na tafe."

"Au, kin ji waƙar? Maganar sarƙar nan ai ni na ba shi."

"Ke? Lallai matar nan! Ina can ina cin rai, ashe ke ce malamarsa."

"Shi ya sa na ga yau shiru? To me kika ba naki?"

"Kya ji a waya, kamar kowa."

"In dai maganar wandon nan ce, ke kika zaɓi yadin."

"Ja na zaɓa. Shuɗin aikinki ne."

Mai aski ya jingina da ƙofa ya sauke numfashi. Umma ta ja kujera ta zauna, ta karɓe zaren daga hannun mai ɗinki, ta jiƙa shi da yawu, ta sunkuya ta zura shi a allurar. Mai ɗinki ko kallonta ba ta yi ba, ta ɗora ƙafa ta ci gaba da taka keke, tana cewa ita fa shuɗin ma ba ta yarda nata ba ne.