Dutsen Murhun Su Fiachra

Nuala Tighe ta tsaya a bakin kufai, iskar teku na kaɗa mata gyale, tana kallon baƙonta a kan wani tudu yana kiciniyar ɓamɓaro dutsen murhu da guntun ƙarfe. Jiya ya sauka daga birnin Boston na ƙetaren teku, baki har kunne, wai shi ne Declan Gaughan, jikan tattaɓa-kunnen Fiachra, mutumin da ya bi jirgin ruwa ya bar nan yankin Mayo zamanin babbar yunwa, lokacin da dankali ya ruɓe a gona. Ta ba shi shayi, ta gyara masa ɗaki.

"Goggo, a mashayata zan kafa dutsen nan," ya ce yana haki. "Har wani abinci muke yi, Farantin Yunwa: soyayyen dankali, naman alade, cuku a zube. Ƙarti biyu ba sa cinye shi!"

Nuala ta dubi inda ya taka.

"Sauko daga kan tudun nan," ta ce.

Ya dubi ƙasan takalminsa. "Me ke ciki?"

"Uwar Fiachra da ƙannensa uku. Alade guda ya rage musu a duniya. Suna kwance da zazzaɓi Fiachra ya kora shi kasuwa, daga can sai jirgi. Maƙwabta ba su da ƙarfin haƙa kabari, sai suka rushe ɗakin a kan gawarwakin. Yarinya ɗaya aka fitar da rai, autarsu Sorcha. Daga tsatsonta na fito."

Declan ya sauko a hankali. Nuala ta ɗan sassauto. Ta ɗauka maganar ta shige shi. Can sai ta ga idonsa ya kawo haske.

"Kai, wannan labari! Goggo, maimaita in ɗauka a waya. A bangon mashaya zan sa a rubuta. Mutane sai sun yi kuka."

"Za su ci da daɗi kuwa," ta ce.

Bai ji gatsen ba. Ya laluba jakarsa, ya fito da wata 'yar kwalbar roba.

"Af, na kusa mantawa. Ta gwajin dangantaka ce, a tabbatar jininmu ɗaya. Kada ki ji ƙyama, miyau kawai za ki tofa a ciki."

Nuala ta karɓa, ta buɗe murfin.

"Ƙyamar me, ɗan nan?" ta ce. "Ai tun ɗazu nake neman inda zan tofa."