Kashi na Biyu a Rumfar Mala

Shekarar da fara ta lashe abin da fari ya rage, Mala yana da tele biyu, wato talabijin, a rumfarsa cikin Birni, inda samari ke buga wasan kaset, irin wanda ake danna maɓalli ɗan mutum ya motsa a tele. Wasan ɗaya ne, kashi na ɗaya da na biyu. Gaban na ɗaya kullum layi. Na biyun kuwa sun ce mugunta ce zalla, don in ɗan mutuminka ya mutu, ko a ƙofar ƙarshe ne, sai a mai da kai tushe. Mala kaɗai ke rantsuwa na biyun ya fi, mutane ne ba su da haƙuri.

Kawunsa Nomau ya zo daga Gouna neman aikin dako, yakan fake a rumfar da rana. Da yake kujerar na biyun ce kawai ba kowa, nan yake zama, har ya koyi dannawa. In ɗan mutuminsa ya mutu, ya sake, ko tsaki ba ya yi.

Mala ya ga ya samu shaida, ya tara samarin.

"Kawu, gaya musu, ba wannan ya fi ba?"

"Ni ban taɓa ɗayan ba," in ji Nomau, idonsa a tele. "Amma ban ga muguntar ba. Bana na yi shuka ta ƙone, na sake ta ƙone. Da na koma rumbu, babu iri. Wannan ko sau nawa ka faɗi, irinka yake mai do maka."

Ya danna, ɗan mutumin ya miƙe.