Manyan Tayoyin Kawu Sulle

Ni na matsa wa Kawu Sulle, ƙanen mahaifiyata, ya rabu da tsohuwar motarsa ya sayi ta lantarki. Tunda fetur ya gagari mutane, rabin wahalarsa a gidan mai take ƙarewa. Ni kuma ina da rumfar sola a bakin tasha a Karaye, ni da abokaina da muka gama makarantar fasaha tare. Muna cajin waya, muna sanyaya ruwa, sai muka ƙara farantin sola a rufin don cajin mota. Ranar da babu kasuwa motar takan yini a rumfarmu tana shan caji.

Aikin Kawu mafi tabbas shi ne ranar kasuwar Rogo. Yakan shiga wani ƙauye ta wajen garin Turawa ya ɗauko Gwaggo Talatu, yayar babana, da ƙawayenta masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ya kai su, ya dawo da su kafin magariba. Shekara da shekaru haka suke. In ya rasa waɗannan matan, ya rasa abin da ke riƙe gidansa, ni kuma na zama wanda ya jawo masa.

Wata biyu komai lafiya. Sai na tafi Kano wani aiki, na dawo na tarar da motar ta yi tsawo kamar ta hau dandamali. An sa mata wasu ƙattan tayoyi masu manyan haƙora, irin na motar shiga daji.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Sannu da zuwa dai, Injiniya. Ko a makarantar taku ba a koyar da gaisuwa?"

Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi mutanen gida, sannan na maimaita tambayata.

"Ɗaga ta na yi," in ji shi. "Ba kai ka ce batirin a ƙarƙashin ciki yake ba? To ka san ramin bakin ƙorama, hanyar su Gwaggonka. Duk tsallakawa sai na ji ƙasanta ya karta. Ranar da dutse ya huda batirin nan, kai za ka haifo min wani?"

"Amma waɗannan sun yi mata nauyi. Sun fi faɗi, sun fi tsawo, za su sha caji kamar me. Kuma allon nan da ke nuna maka sauran tafiya, da tayar kamfani yake lissafi. Yanzu ƙarya zai riƙa yi maka."

Ya yi dariya ya shafa bayan motar. "Duba tashar nan. Nuna min mota ɗaya da ba a ɗaga ba. Tun kafin a haife ka haka muke yi."

Wannan maganar ce ke tayar min da rai fiye da komai a garinmu. Ramin nan tun ina firamare yake nan. Kowa ya san shi, har kwatance ake yi da shi: in ka wuce ramin, ka karya dama. Direbobi sun ɗaga motocinsu saboda shi, masu babur sun koyi yadda ake ɗage ƙafa, mata sun koyi rungume jarka in an zo wajen. An gyara mota, an gyara zama, an gyara hali, ramin ne kawai ba a taɓa ba.

Ranar kasuwa abin da na ji tsoro ya faru. A hanyar dawowa, rana ta yi sanyi, motar ta fara jan jiki, ta tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa tun ba a kai kwanar ƙauyen ba. Sai a babura aka kwashe matan, motar kuma taraktar wani manomi ta ɗauko ta a tirela zuwa rumfarmu, 'yan tasha suna tafi.

Washegari Gwaggo Talatu ta zo har Karaye da kanta. Ta zauna a bencinmu, ta sha ruwan sanyi, ta kalle mu mu biyu.

"Malam Sulle, ni ba na son rabuwa da kai. Motar nan ba ta wari, man gyaɗata ba ya ɗaukar ƙaurin fetur, na yaba. Amma matan nan sun ce kasuwa mai zuwa ita ce gwaji. In ta sake tsayawa, mun koma bas ɗin Habibullahi." Ta juyo kaina. "Kai kuma Bahauddeen, mai bakin rediyo, kai ka kawo ta. Sai ka san yadda za ka yi."

Da ta tafi Kawu ya ce, a hankali, "To, ina jin ka."

Na zana masa a ƙasa da tsinke. Ƙafar da motar ta zo da ita ƙarfenta babba ne, inci goma sha takwas, robar kuma siririya, an yi ta don titin birni. Abin da ya dace da hanyarmu shi ne ƙaramin ƙarfe, inci goma sha shida, da roba mai kauri a gefe wadda za ta shanye duka. In an haɗa su, tsayin ƙafar ya zama daidai da na kamfani, allon ya daina ƙarya, cajin ya daina zubewa. Sai dai dole tayar ta zama mai ɗaukar nauyi, domin batiri ya sa motar ta fi girmanta nauyi.

Na koma Kano na samo su. Tsoho mai faci ya ɗaura, ni kuma na kwanta a ƙasa ina leƙawa in tabbatar ƙarfen bai taɓa birki ba. Da aka sauke jak, motar ta koma tsayinta na da. Kawu ya zagaya ta, fuska a ɗaure.

"Ta yi kyau. Ramin fa?"

"Ramin za mu cike."

"Mu wa?"

Bayan sallar Juma'a na je wajen mai unguwar ƙauyen. Ya karɓe ni da kyau, ya ce ai an kai kuka sama tuni, a yi haƙuri, za a duba. Na ce ranka ya daɗe, dutse yana bayan gari, marmara tana bakin hanya, hannu kuma Allah ya ba kowa biyu, me muke jira? Muryata ta ɗan yi sama. Dattawan da ke wurin suka sunkuyar da kai, wani ya ce Allah ya shirya yaran zamani.

Na biya gidan Gwaggo ina huci. Ta saurare ni tana murza ƙuli a faranti.

"Wa zai ɗauko maka dutse don ka yi masa faɗa? Ka koma ka ba mai unguwa haƙuri, ka ce gayya muke roƙo, kamar ta noma. Shi zai sa a yi shela. Mu kuma za mu dafa."

Na koma, na ba da haƙurin, ko da yake har yanzu ban ga abin da na faɗa ba daidai ba.

Ranar gayyar da hantsi mu kaɗan ne, har na fara cizon yatsa. Sai ga amalanke biyu na shanu sun taho da duwatsu. Da ƙamshin shinkafa da wake ya tashi daga tukwanen su Gwaggo, samari suka fara fitowa da cebur da kwanon gini. Muka jera manyan duwatsu a ƙasa, muka bar wa ruwa hanya a gefe, muka zuba marmara muka daddaɓe. Mai unguwa ya zo ya tsaya da lema yana nuna inda za a ƙara. Kawu ya tuɓe babbar riga yana ɗaukar dutse, yana cewa bayansa zai kai ni ƙara. Cikin direbobin tasha kuwa, da suke bin hanyar nan kullum, mutum ɗaya ne ya zo. Wannan ban yafe ba tukuna.

Ranar kasuwa na zauna a gaba kusa da Kawu. Mata uku a baya, jarkoki da buhunan ƙuli cike da but ɗin motar. Da muka zo bakin ƙorama ya rage gudu sosai, ya kashe rediyo, kowa ya yi tsit yana sauraron ƙasan mota. Ta hau, ta sauka. Ba mu ji komai ba sai ƙarar tsakuwa.

"Har mun wuce?" in ji Barira, ƙawar Gwaggo, tana rungume da jarkarta.

A Rogo suka sayar da kayansu, ni da Kawu muka ci tsire a inuwa, yana ta leƙa allon kamar mai jinya. A dawowa muka wuce ɗorawar nan ba wanda ya kalle ta. Muka sauke su a ƙofar gida rana ba ta faɗi ba, batirin da sauransa mai yawa.

Gwaggo ta fito tana gyara mayafi, ta leƙo ta tagar Kawu.

"Malam Sulle, kasuwa mai zuwa ka zo da wuri. Kuma maƙwabciyata Tani ta ce a tambaye ka ko akwai wurin mutum ɗaya."

"Akwai," in ji Kawu, "in Injiniya ya zauna a gida."

"Ya zauna mana. Mu ma kunnenmu ya huta."

Ta miƙo min ƙullin ƙuli mai zafin yaji, muka juya muka kama hanyar Karaye.