Ɗankwalin Rabi da Sarki Wiliyam

Matata Rabi ce kaɗai ta taɓa jure labarin sarakunan Ingila daga bakina, ita ma don tana tsintar wake ne. Na yi shekara da shekaru ina koyar da tarihi a wata kwaleji a nan Amurka, ɗalibai suna hamma, in dawo gidanmu a garin Bowie in juye mata ragowar.

Wanda ta fi so shi ne Wiliyam, mutumin Holan da ya haye ruwa ya mulki Ingila tare da matarsa Meri. Ga asma, ga rashin fara'a. Mutanen Ingila sun ci moriyarsa, ba su taɓa ƙaunarsa ba.

"Malam, ai ɗan'uwanka ne," in ji ta. "Har tarin iri ɗaya."

Da ta rasu ban yi kuka gaban kowa ba. Masu ta'aziyya suka yaba haƙurina, suka cinye shinkafa, suka watse. Tayyiba, 'yarmu tilo, ba ta yaba ba. Likita nake kiranta, tunda ba a faɗin sunan ɗan fari, aikinta kuma ya ba ni mafita. Ta daina haɗa ido da ni.

Bayan sadakar arba'in ta zo haɗa kayan uwarta. Liman ya ce ko allura sai ta shiga gado, ga kuma rabon mahaifiyar Rabi a Zariya.

"Baba, ina koren ɗankwalin Mama? Wanda take kwana da shi."

"Ni mai gadin ɗankwali ne?"

"Tambaya na yi." Ta rufe akwati da ƙarfi. "Kai dai ko a jikinka. Da Sarki Wiliyam ne ya mutu, da ka yi makoki."

"Ai ya mutu. Na kuma daure."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce yau za ta koma gidanta a garin Hyattsville, ba ta ga abin da zai sake kawo ta gidan nan ba. Amma mai hali ba ya fasa halinsa, kafin ta fita sai da ta ɗauko abin awon jini.

"Naɗe hannun riga."

Na miƙa dama.

"Hagu, Baba. Kullum hagu nake aunawa."

Da na ƙi, ta naɗe da kanta. Ga ɗankwalin nan ɗaure a damtsena, da sauran ƙamshin humra.

Sai na koma sana'ata. "Agana ce ta kashe Meri. An ce da Wiliyam ya bi ta, masu yi masa sutura suka tarar da gashinta ɗaure a jikinsa. Uwarki ta ce wawa ne, da ya faɗa wa matar tana raye." Na yi tari. "Kayan gado ne, Likita. Kina da rabo a ciki. In kin yafe mini."

Ta gyara ƙullin, don na ɗaure shi har yana hana jini gudu.

"Na yafe. Kakata ta Zariya kuma ni zan kira ta, ta yafe nata rabon." Ta goge ido da bayan hannu. "Kawo daman."

Ta ce jinin ya hau, ba inda za ta sai ta ga saukarsa. Ta ajiye makullin mota, ta shiga kicin neman wake.