Littafin Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

Kafinta ya durƙusa a ƙarƙashin babban teburin laburaren makarantar 'yarsa, wanda aka kira shi ya gyara saboda ya cika rawa, sai ya ga abin takaici: da littafi aka tokare guntuwar ƙafar. Ya zaro shi, ya hure ƙura, ya miƙa wa 'yar tasa Auta, wadda ke zaune a nan tana fama da rubutun kammala karatu.

Auta ta buɗe, ta yi shafi biyu, ta dafe baki.

"Baba, ai wannan littafin malaminmu ne! Wanda ya tilasta wa kowa saya, ya ce duk abin da muka ɗauko mu rubuta sunansa a ƙasa. Kalma bayan kalma, duk iri ɗaya ne. Sai dai sunan bangon nan na wani ne, kuma an buga shi tun malam na rarrafe."

"To wa ya ɗauka a wurin wa?"

"Baba, mai rarrafe yana rubuta littafi ne?"

Kafinta bai yi nisa a boko ba, amma ko zarto ya aro, sai ya gaya wa mai aiki na wane ne. Ya ɗaure fuska.

"Sunan mai shi za ki rubuta. Ban haifi 'yar rakiyar ɓarawo ba."

*

Rubutun ya dawo jina-jina da jan biro. Malam ya ƙi sa hannu, kuma in babu hannunsa, babu kammalawa bana. Auta ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci.

"Gyaran ƙafar tebur aka kira ka," in ji uwarta, tana buga murfin tukunya. "Wa ya aike ka gyaran malami?"

Kafinta ya saka rigarsa mai kyau, ya ɗauki littafin, ya nufi ofishin malam. Malam ya tarbe shi da fara'a har da ba shi kujera.

"Baba, ilimi yana da ƙa'ida. Duk littafin da ɗalibi ya ambata, dole mai dubawa ya same shi a kan kantar littattafai. Wannan a kan kanta yake?"

"A'a, a ƙasan tebur."

"To ka gani! Kayan katako ne, ɓangarenka ne, ba namu ba."

"Amma ranka ya daɗe, maganar ciki iri ɗaya ce da taka."

"Mu manyan masana haka muke, tunaninmu yakan zo ɗaya. Ta gyara sunan, yau ɗin nan in sa hannu."

Kafinta ya duba ƙafar kujerar da yake zaune a kai, ya ga ita lafiyarta ƙalau. Ya yi sallama.

*

Washegari ya koma laburare da guntun katakon da ya fere daidai tsawon ƙafar. Auta na zaune da sabuwar takarda, idanunta a kumbure. Ya daɗe a durƙushe yana juya katakon a hannu. Daga nan ya jefa shi aljihu, ya ɗaga teburin da kafaɗa, ya tura littafin inda ya same shi, ya kifa bangon don kada ya haɗa ido da sunan.

Ya jijjiga teburin. Ko motsi.

A sama, Auta ta rubuta sunan malam, layin ya fito a miƙe sambal.